Dashen Ɓargo da Siyasa: Yadda Aka Rufe Bakin Babban Likitan Amurka

Idan kana da ɗan'uwa mai sikila a Hayin Banki, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon dashen ɓargo a wayarka. Abin da ake dasawa ƙwayoyin halitta ne na asali, masu samar da lafiyayyen jini. A 2011 aka fara yinsa a Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Ba waɗannan ake rigima a kai ba, sai irin waɗanda ake cirowa daga ɗan tayi mai 'yan kwanaki. A 2001 Shugaba Bush ya taƙaita kuɗin bincikensu. A 2007 Richard Carmona, tsohon babban likitan gwamnatin Amurka, ya shaida wa majalisa cewa 'yan siyasa sun hana shi ko da yin bayani a kansu, har jawabansa suke tacewa. Sai a 2009 Obama ya ɗage takunkumin.