Tiyatar Gyaran Hanci da Lafiyar Tunanin Mata

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Hausa ya san yadda ake siffanta kyakkyawar budurwa: dogon hanci har baka. A birnin Tehran na ƙasar Iran kuwa, rage hancin ake yi. Ganin mace da filasta a hanci tana tafiya a titi ba abin mamaki ba ne, wasu ma alamar wadata suke ɗaukarsa. Wannan maƙala za ta duba abin da wuƙar likita ba ta iya kaiwa gare shi, wato zuciyar mai hancin.

Tun a shekarar 1891 wani likita ɗan Italiya, Enrico Morselli, ya bayyana wata cuta da ya raɗa wa suna daga kalmomin Girkanci masu nufin tsoron muni. Mu kira ta cutar ganin aibin jiki. Mai fama da ita takan shafe sa'o'i gaban madubi tana duba wata tawaya da babu mai ganinta sai ita. Takan guji hoto da taron biki, wata ma har ta bar makaranta. Kimanin mutum 2 cikin 100 ke da ita a cikin jama'a. Amma wani bincike da aka buga a 2011 daga Leuven ta ƙasar Beljiyam ya gano alamunta masu ƙarfi ko matsakaita a jikin kashi 33 cikin 100 na masu neman tiyatar hanci.

A nan gizo ke saƙar. Matar da wani ƙashi a karan hancinta ya daɗe yana damunta, amma tana harkokinta lafiya, galibi takan ji daɗin aikin. Mai wannan cuta kuwa da wuya ta gamsu. Ko dai ta nemi a sake yanka, ko damuwar ta koma kan leɓe ko haɓa. Abin da ke taimaka mata shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya mata tuhumar tunanin da ke zuwa mata, da rage duba madubi, da shiga mutane sannu a hankali. Wani lokaci akan haɗa da magungunan ciwon damuwa.

Ko wadda ba ta da cutar tana bukatar mai saurarenta, domin kumburi kan kai shekara guda kafin ya sauka gaba ɗaya, kuma a makonnin farko fuskar da ke madubi baƙuwa ce.

A ganina, Ostireliya ta kama hanya. Daga watan Yulin 2023, dole likita ya tantance mai neman tiyatar kwalliya ko tana da wannan cuta, a gana da ita sau biyu, sannan a jira kwana 7. In ba ta kai shekara 18 ba, wata 3 za ta jira.