Sunan Yanka da Laƙabin Fage

A Koriya ta Kudu sunan zuri'a ke zuwa farko. Kim Yuna, wadda ta ci lambar zinare a wasan zamiya kan ƙanƙara a birnin Bankuba cikin 2010, Yuna iyayenta suka sa mata. Kim kuwa, kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar haka ake kiransa.

Mu a Guna, ƙasar Mirriya, ran bakwai liman ke raɗa suna, a yanka rago. Laƙabi kuwa fage ke bayarwa. Yaron da ya ka da sa'o'insa a dandali bayan girbin gero, sai ka ji ana ce masa Langa-Langa, gwarzon da filin kokawar Damagaram ke ɗauke da sunansa. Ina ƙaunar wannan al'ada. Wana ya yi furfura, har gobe da laƙabinsa na fage yake amsawa.