Haɗa Launin Zare a Saƙa: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Yau filin namu zai shiga ɗakin masu saƙa ne, masu kwarashi da masu kibiya har da masu keken saƙa. Ga hunturu yana ƙaratowa, lokacin da ake neman kayan sanyin jarirai da huluna da safa. Sau da yawa za ki ga mace ta iya saƙa, hannunta ya faɗa, amma kayanta sun yi kwantai, na maƙwabciyarta kuwa tun kafin ta ɗaure zaren ƙarshe an biya. Idan kika duba da kyau, bambancin bai wuce na launi ba. Mai saye launi take fara gani kafin ta duba ƙyan saƙa. Ke kuma da kike cikin gida, jarinki ƙanƙane ne, wataƙila kuɗin adashi ne kika kwasa, saboda haka curin zare ɗaya da aka sayo ba daidai ba asara ce.

Mu fara da sanin inda launin yake fitowa. Mu Kanawa ba baƙin rini ba ne. Karofin Ƙofar Mata tun shekarar 1498 ake danganta kafuwarsa, kuma garin Kura ya yi suna wajen rinin baba da turkuɗi har cikin Sahara. A wancan zamani daga tsiro ake samun launi. A 1856 wani matashi a Ingila mai suna William Perkin ya gano rinin sinadari na farko, daga nan launuka suka yawaita. Da masana'antu suka kafu a Bompai, daga baya kuma Sharaɗa da Challawa, sai masaƙu da majemu na zamani suka riƙa rini da inji a manyan tukwane. Da yawa daga cikin masaƙun nan sun rufe tun daga shekarun 1990 zuwa na 2000, saboda matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha. Shi ya sa yau zare mai yawa da ke kasuwa daga waje yake shigowa, musamman daga ƙasar Sin.

To, me ya haɗa wannan tarihi da saƙarki? Ko a Sharaɗa aka rina zare ko a Sin, tukunya-tukunya ake rina shi. Zafin ruwa da yawan sinadari da daɗewar zaren a ciki ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari daga wannan tukunya zuwa waccan. Sai ki ga curi biyu, kamfani ɗaya, sunan launi ɗaya, amma ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. A hannu ba za ki lura ba, sai kin saƙa rabin rigar kin ɗora sabon curi, layi ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar baya. Saboda haka kamfanoni da dama suke buga lambobi biyu a jikin takardar da ke naɗe da zaren: lambar launi da lambar tukunyar rini. Kada ki yar da takardar nan. Kuma ki sayi duk zaren da aikin zai ci a lokaci ɗaya, har da ƙarin curi ɗaya. Idan dole ta sa kika haɗa tukunya biyu, ki riƙa saƙa layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, bambancin zai ɓace.

Sai maganar aike. Yawancinmu ba mu muke zuwa Sabon Gari ko Kwari da kanmu ba, maigida ne ko yaro ko dillaliya. Ki ce wa yaro ya sayo miki shuɗi, ai kin ba shi aiki, domin shuɗi iri-iri ne: akwai ruwan bula, akwai ruwan omo, akwai mai duhu irin na baba. Dabarar ita ce ki sami kwali ƙarami, ki huda gefensa, duk zaren da ya shigo hannunki ki yanki ɗan tsawon yatsa ki ɗaura, ki rubuta lambarsa a kusa. Ranar aike sai ki ba da guntun zaren da kansa. Hoton waya yana taimakawa, amma kada ki dogara da shi kaɗai, domin kowace waya da yadda take nuna launi.

Yanzu mu zo kan haɗin. Masana launi sun jera launuka a da'ira kamar faifai. Uku su ne iyaye a wajen masu rini da fenti: ja, rawaya da shuɗi. Ja da rawaya su ba da ruwan goro, rawaya da shuɗi su ba da kore, shuɗi da ja su ba da ruwan malmo. Daga nan hanyoyi uku suka fito.

Hanya ta farko, 'yan gida ɗaya. Ki ɗauki launi guda, mai duhunsa da matsakaici da mai haske, misali ruwan hanta da ja da ruwan hoda. Wannan haɗi ba ya ba da kunya, shi nake ba mai koyo shawara ta fara da shi.

Hanya ta biyu, maƙwabta, wato launukan da ke kusa da juna a faifan, kamar rawaya da ruwan goro, ko kore da shuɗi. Suna zama lafiya, sun dace da shawul da mayafin kujera.

Hanya ta uku, kishiyoyi, waɗanda ke fuskantar juna: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da ruwan malmo. Kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Amma kin san halin kishiyoyi, idan aka ba su wuri daidai wa daida sai rigima. Ki bar ɗaya ya mamaye aikin, ɗayan ya tsaya a baki ko a fure.

Akwai wani labari da zai nuna miki cewa launi ba ya zama shi kaɗai. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris a Faransa. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya kamawa da kyau. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau. Ashe idan aka saƙa baƙin kusa da shuɗi ko ruwan malmo ne ido yake ganinsa kamar ya koɗe. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan. Darasin a gare ki shi ne, kada ki yanke hukunci a kan zare yana gefe shi kaɗai. Ki murɗa zaren biyu ko uku tare, ko ki saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, ki ajiye, ki ja da baya taku uku ki duba.

Kuma a ina za ki duba? Ba cikin ɗaki da daddare ba. Ƙwan lantarki mai ja-ja da fitilar ƙwai suna sa fari ya koma ruwan madara, shuɗi mai duhu ya koma baƙi. Ki fito tsakar gida da hantsi, ki tsaya a inuwa, nan ne launi yake faɗin gaskiyarsa. Idan kina da waya mai kyamara, ki jera zaren ki ɗauki hoto, ki mayar da shi baƙi da fari. Idan duk suka zama toka iri ɗaya, to adon da kika sha wahala a kansa ba zai fito ba. Ana son a sami mai duhu, a sami mai haske.

Wajen rabo kuwa, masu ado suna da ƙa'ida mai sauƙi: kashi 60 na babban launi, 30 na mataimaki, 10 na ɗan ƙyalli. In aikin zai ci curi 10, sai ki sayi 6 da 3 da 1. Launi uku sun isa. In kina da ragowar zare kala-kala kina son haɗa bargo, ki zagaye kowane yanki da launi ɗaya, fari ko ruwan toka ko baƙi, shi zai sasanta su. Zaren nan mai sauya launi da kansa kuwa, ki haɗa shi da zare lami wanda launinsa yake cikinsa, kuma ki yi masa saƙa mai sauƙi, don shi kansa ado ne.

Ki kuma tuna da wanda zai sa. Fari tas yana da kyau ranar suna, amma ƙurar hunturun Kano ba ta barinsa. Don sawar yau da kullum ruwan madara ko ruwan zuma sun fi rufa asiri. Idan ba a haihu ba aka ba ki aiki, rawaya mai haske ko kore mai sanyi sun dace da mace da namiji. Hular ɗan makaranta kuwa a tambayi launin kayan makarantarsu tukuna.

Abu na ƙarshe, zuba. Kafin ki haɗa ja ko baƙi da fari, ki yanki guntu ki jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki matse cikin farin ƙyalle. In ƙyallen ya kama launi, kada ki kai wannan zare kusa da fari, kuma kada ki yi wa jariri kaya da shi, domin jariri komai baki yake kaiwa. Zaren auduga ya fi yawan zuba. Wanda muke kira ulu, yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi da sinadaran man fetur. Ba kasafai yake zuba ba, amma galurar da ake rina auduga da ita ba ta kama shi, kada ki ɓata kuɗinki. Ba ya kuma son dutsen guga mai zafi. Masu rina auduga a gida kuma a sa safar hannu, a kawar da ruwan daga yara da rijiya. Mazauna gefen kogin Challawa da na Jakara sun san abin da ruwan masana'antu yake yi wa kogi.

Uwargida, kafin mako mai zuwa ki haɗa kwalin nan na guntayen zare, ki kuma saƙa gwaji uku, ɗaya na 'yan gida ɗaya, ɗaya na maƙwabta, ɗaya na kishiyoyi. Ki nuna wa matan gidanku ki ji wanda ido ya fi kamawa. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya rufa mana asiri. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.