Ƙungiyoyin Ƙwadago a Amurka: Daga Ɗaya Cikin Uku Zuwa Ɗaya Cikin Goma

A tsakiyar shekarun 1950, kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku a Amurka ɗan ƙungiyar ƙwadago ne. A 1983 adadin ya sauka zuwa kashi 20.1 cikin ɗari, a 2023 kuwa ya tsaya a kashi 10 kacal.

Wanda ya ji haka zai zaci 'yan ƙungiya sun watse ne. Ba haka abin yake ba. A 1983 su miliyan 17.7 ne, a 2023 miliyan 14.4. Raguwar ba ta kai rabi ba, ko kusa. Yawan ma'aikatan ƙasar ne ya ƙaru sosai, kuma da yawa daga cikin sababbin ayyukan suna shaguna da gidajen abinci da rumbunan ajiyar kaya, inda ƙungiya ba ta kafu ba. A aikin gwamnati har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan ƙungiya ne, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa kashi 6 ne.

Doka ce ta fi bayyana hawa da saukar nan. Dokar Wagner ta 1935 ta tilasta wa masu kamfanoni zama teburin ciniki da ƙungiyar da ma'aikata suka zaɓa, sai mambobi suka tashi daga kimanin miliyan 3 a 1933 zuwa sama da miliyan 14 a 1945. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta ba jihohi damar hana tilasta biyan kuɗin ƙungiya. Sakamakon a fili yake: a 2023 jihar Carolina ta Kudu, mai irin wannan doka, tana da kashi 2.3, yayin da New York ta haura kashi 20. Sannan a 1981 Shugaba Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki, kamfanoni kuma suka ɗauki darasi.

Abin da ya fi damuna shi ne binciken Gallup na 2022, wanda ya nuna kashi 71 na Amurkawa suna goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago. Jama'a na so, hanyar shiga ce aka ƙuntata. Talaka kuma shi ke ji a jika, domin mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.