Me Ke Juya Injin Da Ke Ba Mu Wuta?

Ka tambayi mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa daga ina wutar lantarki take zuwa, zai ce maka daga Nepa. Nepa kuwa ta daɗe da zama tarihi, kuma KEDCO da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa dillali ne kawai, saro ta yake yi ya sayar. Can nesa ake samar da ita, kusan dukkanta ta hanya guda: a sami abin da zai juya inji.

Wanda ya hau keke mai dainamo ya riga ya san sirrin. 'Yar kwalbar ƙarfe ce da ake jinginawa jikin taya. Taya na murza kanta, maganaɗisun da ke ciki na kewayawa dab da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, sai fitila ta kama. Ka ƙara gudu haske ya ƙaru, ka tsaya ya ɗauke. Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan a 1831, kuma har gobe a kansa manyan tashoshi suke aiki. Bambancinsu yana ga abin da ke yin juyin.

Wasu wuta suke hurawa. A tashar Egbin da ke Legas, mai ƙarfin megawat 1,320, iskar gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya fito da ƙarfi ya bugi fukafukan inji. Kamfanin Sonichar na Nijar gawayin kwal yake haƙowa a yankin Agadas don wannan aikin. Janaretan mai walda a kasuwar Sheme ɗan gidansu ne, fetur yake sha ya juya. Gas da kwal da fetur sun yi miliyoyin shekaru suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, wanda aka ƙona ya tafi ke nan, ga hayaƙi, ga tsada. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mai injin niƙa da mai cajin waya ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Mafi yawan wutar da ke kan babban layin Najeriya daga gas take.

Sauran kuwa ruwa ne. A Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Shiroro mai megawat 600 a kan kogin Kaduna, ana tare kogi ya taru ya yi tsawo, a sako shi ta ƙaton bututu ya faɗa kan fukafukai. Damina ta zagayo ta sake cika dam ɗin, shi ya sa ake cewa makamashi ne mai sabuntuwa. Amma ba kowane dam ke iyawa ba, sai mai yawan ruwa da tsayin gangara.

Iska ma tana juya inji. A Lambar Rimi kusa da Katsina an kafa dogayen turaku masu farfela 37 don samar da megawat 10. Aikin ya sha jinkiri na shekara da shekaru, har an sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin a Disambar 2012.

Sola ce ta fita zakka, ba abin da ke juyawa a cikinta. Fanel ɗin an yi shi da sinadarin silikon da ake tacewa daga yashi. Haske na sauka kansa sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, su bi waya. Haske take so, ba zafi ba, hasali ma zafin bazara rage mata ƙarfi yake yi, haka ƙurar hunturu idan ta kwanta kan gilashin. Inbata ce ke mayar da wutar irin wadda firji da fanka suke karɓa, batir kuma ya adana ta dare.

A ganina, ga garuruwa irin namu, sola ce ta fi dacewa, kuma dalilin nisa ne. Wutar babban layi sai ta keto ɗaruruwan kilomitoci na waya da turaku, ta daji da hanyoyin da 'yan bindiga suka hana ma'aikata sakat. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, alhali injinan ƙasar suna nan lafiya lau. Fanel ɗin da ke kan rijiyar burtsatse ko rufin asibitin karkara bai san an yi ba.

Sai dai sola tana da lagonta, wato batir. Shi ya fi tsada, shi ke fara mutuwa, musamman mai ruwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum. Don haka mai karatu, kafin ka sayar da buhunan masararka ka sayo, ka zauna da mai haɗawa ku lissafa kayan da za ka ɗora mata, ka nemi takardar garantin batir, kuma ka riƙa goge fanel da tsumma mai laushi da sassafe.