Allo ɗaya, hotuna da yawa

A Zariya, cikin Nijeriya, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da buga hoto da hannu. Ɗalibi yakan sassaƙa zanensa a juye bisa katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya matse. Daga allo ɗaya sai hotuna da yawa su fito. In wuƙa ta kauce kuwa, aibin yana bin su duka. Mashahurin gwanin wannan sana'a, Bruce Onobrakpeya, ya soma karatu a 1957 a kwalejin da ta zama jami'ar a 1962.

Masu zanen ƙwarya na Ƙwanni, Malbaza da Illela sun saba da irin wannan wuƙa. Tawada, takarda da malami suka rage musu, ga kuma littattafan yaƙi da jahilci suna bukatar hotuna.