Shigar 'Yan Fashin Teku: Tsakanin Sinima Da Tarihi

A Amurka da Ingila akwai masu sha'awar tarihi da kan yi shiga irin ta 'yan fashin teku na shekarun 1650 zuwa 1730, don nuna wa jama'a yadda mutanen suka rayu. Babbar wahalarsu ita ce raba gaskiya da abin da sinima ta cusa wa mutane.

Dogayen takalma har gwiwa na mahaya doki ne. Ma'aikacin jirgin ruwa na wancan zamani kuwa, taguwar lilin yake sawa, da gajeren kwat, da saƙaƙƙiyar hular ulu, da gajeren takalmin fata. Saboda haka masu ƙwazo kan guji yadin roba, su yi ɗinki da hannu, kana su nemi takobi gajere da ƙaramar bindiga mai ƙanƙara.

Hujjarsu tana ƙarƙashin teku. A 1984 aka gano ɓaraguzan jirgin Whydah, wanda ya nitse a gaɓar Amurka a 1717. An tsamo takalmin fata da safar siliki da bindigogi.

Sai dai mai karatu ya lura: kafin 'yan fashi su ƙwace shi, jirgin nan na jigilar bayi ne, kuma sunansa daga Wida yake, watau tashar bayi da ke ƙasar Benin a yau. Wanda ya gyara tufafinsa daidai amma ya ɓoye wannan, rabin tarihi ya nuna wa 'yan kallo.